Kwikwiyon Juji da Karen Nasarawa

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, mun sani sarai cewa da yawa daga cikinku, da sun ga kan wannan maƙala, za su taɓe baki su ce: duk masifun da suka dabaibaye ƙasar nan, ga tsadar abinci, ga kuɗin makaranta, ga rashin aikin yi yana jiran kowannenmu a ƙofar jami'a, a rasa abin da za a ɓata takardar mujallar ƙungiya da shi sai zancen kare? To, mai wannan magana ya ba mu aron kunnensa zuwa ƙarshen shafi, sa'an nan ya yanke mana hukunci. Abin da muka tsaya a kansa, ba mu kuwa jin kunyar faɗinsa, shi ne wannan: ɗan kwikwiyon nan da ake yarwa a bakin juji a ƙauyukanmu, mai raɓe-raɓe, mai maƙale wutsiya tsakanin ƙafafu in ya hangi mutum, yana da haƙƙi a kanmu. Ɗaukarsa a rene shi aikin hankali ne, aikin lafiya ne, addininmu kuma bai hana ba. Barinsa a juji kuwa ganganci ne, wanda 'ya'yan talakawa ke biyan farashinsa da rayukansu.

Bari mu fara da ƙasar da muke magana a kanta. Duk wanda ya fita daga Kano ta Dawanau ya nufi Bichi da Tsanyawa, ko ya kama hanyar Daura ya bi ta Ɗambatta, ko ya shiga ƙauyukan Minjibir da Gezawa, ya san cewa a nan babu sauran daji. Gona ce ta jingina da gona, gida yana hangen gida, iyaka sai ɗan layin gamba ko itacen ɗorawa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya dawo Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin wannan yanki. Shi ya nuna wa duniya yadda manomin Kano yake noma fili guda kowace shekara ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba, albarkacin takin awaki da tumakin da yake ɗaurewa a turke da damina, da toka da sharar da jakuna ke kwasowa a mangala daga birni. Wannan abin alfahari ne. Amma fa yana da wata fuska da ba a cika kulawa da ita ba. Inda babu daji, kura ta yi ƙaura, saboda haka aikin da kare ya gada na yi wa gari kururuwa in ta doso ya ragu, darajarsa ta faɗi a idon mutane. Kuma inda babu daji, karen da aka kora ba shi da inda za shi. Yana nan tare da mu, a bayan darni, a mahauta, a kasuwa ran da ba ta ci, a bakin rijiya, a kan hanyar da yara ke bi zuwa makarantar allo da asuba.

Daga ina waɗannan karnuka marasa iyayengiji suke fitowa? Ba daga sama suka faɗo ba. Karya takan ɗauki ciki wajen wata biyu, ta haifi huɗu, ko biyar, ko fiye. Mafarauci ya zo ya zaɓi namiji ɗaya mai dogayen ƙafafu. Sauran, musamman matan, sai a zuba su a kwando ko tsohon buhu, a ba yaro ya kai su juji ko bakin hanyar kasuwa. A can wasu yaran za su same su, su ɗaura wa ɗaya igiya a wuya suna ja, su mai da ɗaya abin gwada iya jifa, manya suna zaune a gindin bishiya suna kallo, ba mai cewa kanzil. Mafi yawansu yunwa da rana da tsutsar ciki za su gama da su. Wanda Allah ya yi wa sauran kwana kuwa, darasi ɗaya tak ya koya a duniya: hannun ɗan Adam in ya ɗagu, dutse ne zai biyo baya.

Wannan shi ne asalin tsoron da muke gani a idon ɗan kwikwiyon juji, kuma masana sun daɗe da gano sirrinsa. Wasu masu bincike biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun yi shekaru suna renon karnuka domin nazarin halayensu, suka buga sakamakon aikinsu a 1965. Sun gano cewa daga wajen mako uku zuwa wajen mako goma sha biyu da haihuwa, a nan ne kwikwiyo yake yanke shawarar wane ne nasa, wane ne abokin gaba. In ya sami hannu mai taushi a wannan ɗan tsakani, ya saba da mutum har ya mutu. In bai samu ba, sabo ya yi wuya, sai da doguwar wahala. Iyayenmu sun riga su faɗi, da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne, kare mai tsoro ya fi kowane kare haɗari, domin in aka ritsa shi a lungu ba shi da makami sai haƙori. Watau mu da kanmu muke ƙera abin da zai ciji ƙannenmu, sa'an nan mu juya mu ce kare mugun dabba ne.

Cizon kare kuwa ba abin wasa ba ne, domin ta nan ciwon haukan kare yake shiga jikin mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ya shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A cikin kowane mutum ɗari da suka kamu, har 99 daga kare suka samo. Ƙwayar cutar tana cikin yawun karen da ya kamu. Ta shiga ta rauni, ta bi jijiya a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Takan yi wata biyu ko uku tana wannan tafiya, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara, har rauni ya warke kowa ya manta. Ran da alamu suka bayyana, mara lafiya ya fara firgita in ya ga ruwa alhali ƙishirwa na cinsa, to, ba likitan da ke da sauran dabara, sai dai a yi masa addu'a. Yaro nawa aka rufe a maƙabartun karkara aka ce iska ce ta taɓa shi, ko sammu aka yi masa, alhali kuwa ɗan ƙwarzanen da kare ya yi masa a ƙafa tun kaka ne ya kai shi? Abin takaici, wannan mutuwa ce da aka san maganinta tun 1885, shekarar da Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allura, yaron ya rayu.

A nan ne rukuni na farko na abokan hamayyarmu za su miƙe su ce: ai ka kawo hujjar da ta kashe ka. Tun da kare ne ke kawo ciwon, a zuba guba, a harbe, a huta. Wannan ita ce dabarar da hukumomi suka fi so a ko'ina, domin tana da sauƙi, tana kuma sa a ga kamar an yi aiki. Sai dai an gwada ta an sake gwadawa, ba ta haifi ɗa mai ido ba. A 1910 mahukuntan Santambul suka kwashe dubun-dubatar karnukan titi suka jibge su a wani tsibirin dutse a tekun Marmara, inda babu ci babu sha, suka mutu da yunwa da ƙishirwa. Birnin bai rabu da karnuka ba, sai dai ya gaji abin kunyar da har yau ake ba da labarinsa. Dalili a fili yake. Muddin akwai juji, akwai mahauta, akwai abin kalaci, duk karen da aka kashe wani zai maye gurbinsa, ko daga ƙauyen gaba ko daga cikin haihuwar bana. Guba kuwa ba ta tambayar wane ne ya yi allura, wane ne bai yi ba. Tana kashe karen mafarauci, tana kashe mage, tana kashe ungulu da ta ci mushen, wani lokaci ma yaro ne zai tsinci abin da aka ajiye.

Hanyar da ta ci nasara daban ce. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki allurar rigakafi, aka kuma riƙa maimaitawa, ciwon yakan rasa inda zai tsallaka, ya mutu don kansa. Da haka ƙasar Meksiko ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2019 cewa ta kawar da haukan karen da mutum ke ɗauka daga kare. In kuma wani ya ce ai Meksiko ta yi nisa, to, ga maƙwabciyarmu Cadi. A Injamena an yi gangamin allurar karnuka a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, aka ga ciwon ya yanke a birnin na wani lokaci, sai da karnukan waje suka sake shigo da shi. Mu a nan gida ba mu da uzuri, domin cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda take can tun 1924, tana cikin masu haɗa wannan allura. To, amma wane kare ake yi wa allura? Wanda yake da mai riƙe shi, wanda in an kira sunansa zai zo. Karen juji, wanda tun yana jariri ya koyi gudun mutum, ba malamin dabbobin da zai kama shi. Ashe ke nan duk kwikwiyon da aka ɗauko daga juji aka ba shi gida, an rage ɗaya daga rundunar ciwo, an ƙara ɗaya a cikin garkuwar gari.

Rukuni na biyu su ne masu cewa addini. Da su muke son mu yi magana cikin ladabi, domin a zaure ɗaya muka yi karatu. Wai kare najasa ne, wai taɓa shi haramun ne, wai jifansa ma lada ne. Muna tambaya: a wane littafi? Mu a ƙasar nan mazhabar Imamu Malik muke bi, kuma duk wanda ya karanta Iziyya, balle Muhtasar na Halil, ya san hukuncin mazhabar shi ne kowane mai rai tsarkakakke ne, har da guminsa da yawunsa, ba a cire kare ba. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a ciki, malamanmu sun ɗauke shi a kan bin umurni ne, ba don jikin karen ƙazanta ne ba. Gaskiya ne hadisi ya zo da raguwar lada ga wanda ya ajiye kare ba dalili, ba mu ɓoye wannan. Amma hadisan nan da kansu sun ware karen farauta, da na kiwo, da na gona. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zauren ilmi na Kano, ita ma ta ware waɗannan ukun. To, manomin Kunci ko Makoɗa, mai awaki a turke da gero a rumbu da gona a bayan gida, in bai shiga cikin waɗanda aka ware ba, wa zai shiga? Masu sharhin Risala ma sun kawo labarin cewa shi kansa mai littafin, sa'ad da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, kare ya ajiye, da aka yi masa magana ya nuna cewa da Malik ya ga wannan zamani, da abin da ya fi kare zai ajiye.

Har ila yau, ina aka baro hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a cikin huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa? Ina aka baro na matar banzan da aka yafe wa zunubanta saboda irin wannan aiki? Ina aka baro na wadda ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha? Suratul Kahfi da muke karantawa kowace Juma'a ta ambaci karen samarin nan yana kwance a bakin kogo tare da su, Suratul Ma'ida kuma ta halatta cin abin da horarren mafarauci daga dabbobi ya kamo. Wanda ya ga dama ya ƙi ajiye kare, ba mai tilasta masa. Amma wanda ya koya wa yaro jifan kwikwiyo da sunan addini, ya yi wa addini ƙage, ya kuma shuka wa yaron ƙeta a zuciya, wadda ba a kan kare za ta tsaya ba.

Rukuni na uku su ne namu, 'yan boko, kuma su ne suka fi ba mu haushi. A zaga unguwannin manya, Nasarawa da Bompai da ire-irensu, a ga irin karnukan da ke bayan dogayen katangu. Karnukan Turai ne, masu gashi buzu-buzu da aka halitta domin sanyin Jamus, ana sayensu da kuɗin da ya fi abin da leburan gona ke samu a damina guda, ana ciyar da su da abincin gwangwani, suna ta haki a zafin bazarar Kano. Maigidan nan, wanda watakila a ƙauyen Bagwai aka yanke cibiyarsa, in ya je gida ran salla ya ga ɗan kwikwiyon gari ya doso motarsa, ƙafa zai sa ya shure shi. Shi a wurinsa kare ba ya zama kare sai yana da takardar asali da sunan Turanci. Wannan ita ce cutar da ta hana mu ci gaba a kowane fanni: abin da ya fito daga ƙasarmu wulaƙantacce ne, sai wanda aka sauke daga jirgi. Alhali karen ƙasar nan, ja mai siririn jiki da gajeren gashi, ya yi ɗaruruwan shekaru yana jure ranarmu da ƙurarmu, ɗan ragowar tuwo ya ishe shi, kuma shi mafarautanmu ke bin zomo da shi. Karen bana, in ji masu iya magana, shi ke maganin zomon bana. Mu kuma muka ƙara da cewa karen ƙasa shi ke maganin ɓarawon ƙasa. Daɗin daɗawa, Risalar da muka ambata ta kawo hani a kan sayar da karnuka, ta ce an yi saɓani a kan wanda aka yarda a ajiye, amma wanda ya kashe irin wannan sai ya biya ƙimarsa. Ashe mai tsintar kwikwiyo kyauta don gadin awakinsa ya fi kusa da littafi a kan mai zuba dukiya ya sayo na gayu.

Akwai kuma masu cewa wannan duk kwaikwayon Turawa ne, mutane na kwana da yunwa ana zancen dabba. A Ingila akwai gidaje na musamman da ake tara karnukan da aka tsinta, a yi musu magani, sa'an nan mai bukata ya zo ya zaɓa ya kai gida. Mafi shahara shi ne na Battersea a Landan, wanda wata mace mai suna Mary Tealby ta kafa a 1860. Ita ma a zamaninta jaridu sun yi mata ba'a, suka ce ta bar matalauta ta kama karnuka. Ba mu roƙi kowa ya gina irin wannan gida a Ɗambatta ba, ba mu da kuɗinsa, ba ma bukatarsa. Mu da muka gaji riƙon maraya da saukar baƙo, kowane gidan manomi ya isa ya zama mafaka ga kwikwiyo guda. Batun yunwar mutane kuwa, a tambayi wanda kare ya ciji ɗansa nawa ya kashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa allurar bayan cizo takan ci wa mutum wajen dala 108, ga wahalar mota zuwa birni sau da yawa, ga aikin gona da aka bari. Akuya nawa ke nan? Allurar kare kuwa ba ta kai ko kusa da haka ba. Wanda ya ce tausayin kwikwiyo ya saɓa wa tausayin talaka, bai yi lissafi ba.

Saura masu kafa hujja da karin magana, wai tsintacciyar mage ba ta mage. Mu muka ce ya danganta da hannun da ya tsince ta. Kwikwiyo mai tsoro yana da hanyar da ake bi da shi, ba ta kuwa da wuya, haƙuri kawai take ci. Kada a bi shi da gudu, kada a tsaya a kansa ana zura masa ido, domin a wurinsa wannan shirin faɗa ne. A tsuguna nesa kaɗan, a juya masa gefe, a ajiye abinci a ja da baya. A ware masa lungu mai inuwa kusa da turken awaki ko gindin rumbu, nesa da ɗakin kwana da wurin salla da randa, a ba shi tsohon kwano da kaskon ruwa nasa shi kaɗai. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci a lokaci ɗaya kullum, yana kiransa da suna ɗaya. A hana yara rufuwa a kansa, a hana duka ko da ya yi ɓarna. Zai yi kwanaki ba ya ci sai an kau da kai. Wata rana zai ci ana kallo. Wata rana zai matso ya shinshina hannu, daga nan kuwa an gama, domin kare bai iya rabin amana ba. A bar shi ya girma cikin awaki da kaji tun yana ƙarami, zai ɗauke su 'yan gida. A kai shi wurin malamin dabbobi a ba shi maganin tsutsa, a cire masa kaska, in ya cika wata uku a yi masa allurar haukan kare, a kuma riƙa sabuntawa yadda malamin ya ce. Ba mu ce zai tare ɗan bindiga ba. Amma ɓarawon akuya da ke haurowa ta darni da tsakar dare ya fi tsoron haushinsa a kan kwaɗon ƙofa.

Sai dai lalle mu ja kunne, domin tausayi ba ganganci ba ne. Akwai bambanci tsakanin kwikwiyo mai tsoro da wanda ciwo ya riga ya kama. Mai tsoro yana gudu, yana ɓuya, amma idonsa garau, in an ba da baya zai ci ya sha. Wanda yake dalalar da yawu, ko muƙamuƙinsa ya saki, ko yana tangaɗi, ko muryarsa ta sauya, ko yana cizon icce da dutse da duk abin da ya tarar, wannan kada kowa ya kusance shi, a sanar da mai unguwa da malamin dabbobi. Haukan kare ba kullum yake zuwa da faɗa ba, wani lokaci da sanyin jiki yake zuwa. Saboda haka ɗauko kwikwiyo aikin babba ne, ba aiken yaro ba, kuma a keɓe shi daga yara har malamin dabbobi ya duba shi. Wanda kuwa kare ya ciza ko ya yakusa, kowane irin kare ne, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko barkono ko gashin karen, kada a jira a ga abin da zai faru.

To, me muke nema? Daga ƙananan hukumomin arewacin Kano, muna neman sashen kula da dabbobi na kowacce ya sa ranar allurar karnuka kyauta sau ɗaya a shekara, a yi shela a kasuwa da masallaci, kamar yadda ake yi wa shanu. Ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta keɓe tun 2007 domin yaƙi da wannan ciwo, ta dace da haka. Daga dagatai da masu unguwanni, muna neman su san yawan karnukan da ke ƙasarsu da masu su, su kuma hana zubar da 'yan kwikwiyo a juji. Wanda karyarsa ta haihu ya bar su su sha nono wajen wata biyu, sa'an nan ya nema musu gidaje. Daga shugabannin mafarauta, waɗanda suka fi kowa sanin kare, muna neman su zama na farko a layi. Daga malamanmu, muna roƙon huɗuba guda a kan haƙƙin dabba. Daga asibitocin gwamnati, muna neman a ajiye allurar bayan cizo inda talaka zai same ta ba sai ya sayar da tunkiya ba. Ƙasashen duniya sun sa wa kansu wa'adin 2030 domin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya, kuma wa'adin ba zai cika a ɗakin taro na Abuja ba, sai a bayan darnin ƙauye.

Mu kuma ɗalibai, namu ya fi na kowa nauyi. Mun iya cika zauren taro da jawabi a kan zalunci da danniya, mun iya kiran sunan Malam Aminu Kano da talakawa. Ga zalunci nan ƙarami a ƙofar gidajen iyayenmu, wanda ba ya bukatar zanga-zanga, ba ya bukatar izinin kowa. Muna kira ga ƙungiyoyin ɗaliban Bichi da Ɗambatta da Minjibir da sauran garuruwa, su haɗa kai da 'yan'uwanmu masu karatun likitan dabbobi, da na Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, su sa wannan cikin aikin hutunsu: a shiga makarantun firamare da na allo a koya wa yara wankin rauni da barin jifa, a taimaki malaman dabbobi ran allura, kowa kuma ya shawo kan gida guda a danginsa su karɓi kwikwiyo guda. Za a yi mana dariya, za a ce boko ya taɓa mana kai. A yi. Dariyar wata guda ta fi zaman makokin yaro guda sauƙi. Allah ya ba mu ikon tausaya wa abin da ke ƙarƙashinmu, ya kuma tausaya mana, amin.